Wutsiyar Lamba

Baba Istifanus ba ya jin magana. Ba kunnen ne ke da matsala ba, kunnensa ras yake, daga bakin ƙofa ma yana iya gaya maka injin da boris ɗinsa ya fara cinyewa. Maganar mutum ce dai ba ta shigarsa. In ka ce masa ƙarfe ya yi kauri, ba zai yi musu da kai ba, abin awo zai miƙo maka. Matarsa Martha ta sha faɗi cewa da ana auna laifi da maikiromita, da tuni an daina gardama a gidansu, don ta nan kaɗai zai yarda shi ne bai kyauta ba.

Tun yana saurayi ya sauko daga Filato ya kama aiki a ɗakin gyaran injuna na wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙun suka mutu, abokan aikinsa suka watse, wasu suka koma gona, wasu suka hau acaɓa. Shi kuwa titi kawai ya tsallaka, ya koma wurin Oga Callistus, wani Ibo haifaffen Kaduna da ke da rumfar kwano mai injunan sassaƙa ƙarfe. A nan ake yi wa masu haɗa injin niƙa na Sabon Tasha shaf, wato sandar ƙarfen nan da ke juyawa a cikin injin. A nan kuma 'yarsa Gloria ta same shi bayan ta gama kwalejin fasaha, aka ba ta tebur a gefen taga, ta zama mai duba awo. Duk abin da aka sassaƙa sai ya bi ta hannunta kafin ya fita ƙofa.

Al'ada biyu ake yi a wannan rumfa. Ta farko Baba ne da kansa ya zo da ita daga masaƙa. In aikin mutum ya fita daga iyakar da zane ya ba shi, mai duba awo zai ɗiga masa jan fenti, ya ɗauko shi a faranti, ya ratsa tsakiyar rumfa kowa na kallo, ya dire a gaban injin mai shi. Ba a zagi, ba a faɗa, jan ya isa. Baba yakan ce kunyar rana ɗaya ce ke gyara hannun mutum, kuma yana da bakin faɗar haka, don tun da aka kafa rumfar ba a taɓa dire ja a gaban injinsa ba.

Ta biyun babu wanda ya san wanda ya kawo ta. Gurbin da ake rubuta awo a takardar rahoto ƙarami ne, lamba biyu yake ɗauka bayan ɗigo. Maikiromitar Gloria kuwa mai batir ce, uku take nunawa. Don haka sai a yar da ta ukun in ba ta kai biyar ba, in ta kai kuma a ƙara wa ta biyun ɗaya, a rubuta sauran. Yanke wutsiya suke ce masa. Kowa na yi, babu mai ganin laifin abin, kuma a mafi yawan lokaci babu laifin, tunda aiki a tsakiyar iyaka yake zaune, wutsiya ba ta ƙara shi ba ta rage shi.

Matsalar ita ce idon Baba. Yanar ido ta fara rufe shi, kuma kowa ya sani sai shi. A coci yana buɗe littafin waƙoƙi a shafin da ya ga dama, ya rera daga ka, ƙarfin muryarsa ya rufe masa asiri. A gida a Narayi ya taɓa gaida buhun masara da aka jingine a tsakar gida, ya ɗauka maƙwabciya ce ta shigo. Martha ta yi magana, ta yi kuka, ta haɗa shi da fasto, ta haɗa shi da ƙanensa. Duka amsa ɗaya yake ba su.

"Gloria, aikina yana wucewa ko ba ya wucewa?"

"Yana wucewa, Baba."

"To kun ji. Mai ciwon ido ne zai sassaƙa ƙarfe ya yi daidai da awo? Ku bar ni in ci tuwona."

Duk sanda ya yi wannan tambayar sai Gloria ta kawar da kai. Gaskiya take faɗa, a takarda aikin yana wucewa. Wurin zaman boris a jikin shaf, zane ya ce kaurinsa kada ya gaza milimita 30.00, kada kuma ya wuce 30.02. A da, aikin Baba a tsakiya yake faɗawa daram, kamar an ajiye shi da hannu. Daga baya ya fara hawa. Ya kai 30.016, ya kai 30.019, ya taɓa 30.021. In aka gyara wutsiya, dukansu 30.02 suke zama, takarda ta fito fes, layi bayan layi lamba iri ɗaya. Wanda ya yi ƙiba da yawa kuma, Sylvanus mai injin kusa da shi yakan lallaɓa lokacin cin abincin rana ya goge shi da samfefa, ya mayar inda ya ɗauko. Soyayya ce, babu wanda ya yi da mugun nufi. Amma Gloria ta gane cewa takardar da take sa wa hannu ita ce garkuwar da tsohon yake kare kansa da ita daga asibiti.

Ta daɗe tana cewa gobe. Hular ce ta kawo ƙarshen goben.

Wata safiya ce, wuta ta zo da wuri, duk injunan suna ruri. Gloria ta ɗago kai daga teburinta ta hango Baba ya sunkuya yana neman layukan da ke jikin hannun injin, waɗanda ke nuna zurfin yanka. A da daga tsaye yake karanta su. Yau ya kai fuska, ya ƙara kaiwa, ya karkata kai don haske ya faɗa musu. Bakin injin da ke riƙe da ƙarfe yana juyawa dab da kunnensa. Kafin ta buɗe baki sai ji aka yi fau! Hular hana-sallar da ke kansa ta yi sama, ta bugi kwanon rufi, ta faɗo bayan buhunan gawayi.

Wani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Baba ya shafa furfurarsa, ya ce iska ce, ya ci gaba da aiki.

Gloria ta je ta ɗauko hular. Bakinta ya yage gida biyu, kwalin ciki ya fito. Ta tsaya riƙe da ita, tsoro ya cika ta, sannan fushi ya biyo baya. Ba da Baba take fushi ba, shi haka Allah ya yi shi. Da kanta take yi, da Sylvanus, da kowa a rumfar, su da suka ga mutum yana matsawa kusa da bakin inji kullum suka ce tausayinsa suke ji. Ta ninke hular ta sa a aljihun rigar aikinta. A ranta ta ce yau kam za a yi wa Baba magana da yaren da yake ji.

Da hantsi ya ɗaga aka kawo mata sandunan da ya gama. Ba ta taɓa su ba sai da suka huce sarai, don ƙarfe mai zafi yana kumbura, kuma ba ta so a ce zafi ta auna. Ta goge bakin maikiromitar, ta gwada ta a kan ƙarfen gwaji, ta ga ba ta ƙarya. Sannan ta fara. Na farko 30.023. Ta juya shi ta auna ta wani gefen, haka dai. Na biyu 30.024. Tana aunawa tana addu'ar ko ɗaya ya faɗo cikin iyaka, don ta samu abin da za ta riƙe ta ce bai lalace duka ba. Babu wanda ya faɗo.

Ta ɗauki biro. Gurbin ya yi wa lambar kaɗan, sai wutsiyar ta haura layi ta shiga gurbin maƙwabta. Ta bar ta a haka, ta ci gaba har ƙasan takardar.

Oga Callistus mutum ne mai tumbi da saurin dariya, amma da ya duba takardar sai dariyar ta ɗauke. Ya ja ƙofar ɗan ofishinsa ya rufe.

"Gloria, mene ne wannan?"

"Awo ne, Oga."

"Na ga awo ne. Me ya kawo wutsiya a takardata?"

"Ita ce ta fitar da su daga iyaka."

"Huɗu ce fa. Huɗu! Ko 'yar firamare ta san huɗu ba ta kai biyar ba, zubar da ita ake yi. Ki rubuta 30.02 kamar kullum, abeg, mu tura wa mutane kayansu."

"A lissafin makaranta ake zubarwa, Oga. Zane ya ce kada a wuce 30.02. Bai ce 30.02 da ɗan wani abu ba. In mun yanke wutsiya kafin mu gwada da iyaka, mun matsar da iyakar ke nan, kuma ba mu muka zana ta ba."

"Da nawa ya wuce? Silin gashin kanki ya ninka shi fiye da sau goma."

"Haka ne. Wataƙila injin niƙan ya yi shekaru bai ce uffan ba. Wataƙila kuma boris ya matse ya riƙa zafi. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani shi ne abin da na auna."

Callistus ya zauna, kujera ta yi ƙara. Ya rage murya. "Ki ji, 'yata. Mutumin nan shi ya kafa mini injin farko a wurin nan. Ranar da babana ya rasu, shi ya riƙe rumfar nan har na je gida na dawo. Ba zan tsaya ina kallo a shafa masa ja ba."

"Ba kai za ka shafa ba."

"Mahaifinki ne fa!"

Ta zaro hular daga aljihu ta ajiye masa a kan takardar. Callistus ya dube ta, ya sa yatsa a inda ta yage. Shi ma yana wurin da safe, shi ma ya yi kamar bai gani ba.

"Yau hula ce, Oga," in ji ta. "Mama ta yi, fasto ya yi, bai ji ba. Kullum cewa yake aikinsa na wucewa, kuma ni ce nake wucar da shi. Na daina."

Bai ce ta je ba, bai ce kada ta je ba. Ya dai juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Ta ɗauki takardar, ta mayar da hular aljihu. Tana fitowa ta tarar da Sylvanus a bakin teburinta, samfefa a naɗe a hannunsa. Ashe ya ga wutsiyoyin.

"Sista Gloria, ki ba ni su kawai. In Baba ya tafi cin wakensa, kafin ya gama na goge su. Ba wanda zai sani."

"Na gode, Sylvanus. Ba yau ba."

"Jan nan zai kashe shi fa. Kin san halinsa."

"Injin ne zai kashe shi," ta ce, ta buɗe gwangwanin fenti.

Fentin ya yi kauri don an kwana biyu ba a buɗe ba, sai da ta motsa shi da ƙusa. Ta ɗiga wa kowane shaf ja a kai. Ta jera su a faranti ta ɗauka. Nauyi gare su, kuma tsakanin teburinta da injin Baba bai taɓa yi mata nisa kamar yau ba. Wanda ya fara ganin inda ta nufa ya kashe injinsa. Na kusa da shi ma ya kashe. Kafin ta isa, rumfar ta yi tsit, sai injin Baba kaɗai ke juyawa.

Ta dire farantin. Ƙarar ce ta sa ya waiwayo. Ya kashe inji, ya sunkuya, ya ɗauki shaf ɗaya, ya kawo shi kusa da fuskarsa. Ja dai ko mai yanar ido yana ganinsa.

"Wa ya shafa wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Na wane ne?"

"Naka ne. Sun wuce iyakar sama, dukansu."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Da wannan abin batirin naki? Wanda in batir ya yi sanyi yake faɗin abin da ya ga dama?"

Ya jawo aljihun tebur ya fito da akwatin katako. A ciki tsohuwar maikiromitarsa take, wadda ya taho da ita daga masaƙa, wadda da ita ya koya wa Gloria awo tun ba ta iya daka yaji ba. Ya goge bakinta da gefen riga, ya ɗora a kan shaf, ya murza a hankali har ta yi ƙas-ƙas. Yatsun nan ba su manta komai ba, kallonsu ma daɗi ne. Ya kulle ta, ya cire, ya ɗaga don ya karanta.

Ya kawo ta kusa. Ya nisanta ta. Ya taka zuwa bakin ƙofa inda rana take, ya karkata ta hagu, ya karkata ta dama, ya goge ido da bayan hannu. Gloria ta ji kamar ta ruga ta fizge abin ta ce ƙarya take yi, a mayar da komai yadda yake jiya. Ta dafe hular da ke aljihunta, ta tsaya inda take.

"Sylvanus," in ji Baba, bai juyo ba. "Zo ka karanta."

Sylvanus ya je kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ya karɓa ya duba. "Talatin ɗigo sifiri biyu, Baba."

"Layin ya zauna a kan layi?"

Sylvanus ya waiwayi Gloria.

"Da kai nake. Ya zauna ko bai zauna ba?"

"Ya ɗan gota, Baba."

"Ya gota," Baba ya maimaita. Ya karɓi kayarsa ya dawo a hankali, ya tsaya gaban 'yarsa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin Kirsimeti yake hawa, Baba. Kaɗan-kaɗan. A takarda duka 30.02 suke fita."

"Wutsiya kuke yanke mini." Ya bi rumfar da kallo, duk da ba lalle ne yana gane fuskokin ba. Kowa ya sunkuyar da kai. "Dukanku. Ni kuka mayar abin tausayi, ina yawo ina cika baki, kuna bina da samfefa." Ya juyo wajen Gloria. "Ke kuma ba ki iya jira mu koma gida ba? Sai a gaban mutane?"

"Kai ka ce a gaban mutane ake mayarwa, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Ba ta sauke ido ba, ko da yake hawaye sun taru mata har ita ma ta daina ganinsa sosai. Ya mayar da maikiromitar cikin akwati ya rufe, ya cire rigar aiki ya rataye a ƙusa, ya sauke makunnin wutar injinsa.

"Ka gyara su," ya ce wa Sylvanus. "Kada ka goge jan sai ta sake aunawa."

Ya fita, kansa babu hula, bai yi wa kowa sallama ba.

Gloria ta koma teburinta. Ta san halinsa, yana iya yin wata bai yi mata magana ba, yana iya fin haka. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma da ta tambayi kanta ko ta yi nadama, sai ta ga babu. Ta sa hannu a ƙasan rahoton, ta jira Sylvanus ya gyara sandunan, ta sake auna su ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta sabon awon da wutsiyarsa. Sai da ta gama sannan Callistus ya leƙo ya ce ta tafi gida haka nan, aikin yau ya isa.

Rana ta karkata amma da sauran zafi. Ta bi ta bayan tsofaffin gine-ginen masaƙa ta fito babban titi inda ake shiga keken Narayi a ɗaya hannun. Nan ta hango shi. Yana tsaye a bakin kwalta, hannuwa a baya, kamar mai jiran wani. Ta ɗauka tuni ya isa gida. Ta tsaya daga nesa tana kallo. Tanka ta wuce, keke biyu suka wuce, hanya ta buɗe fayau, mata masu tallan ayaba suka tsallaka a natse. Baba ya ɗaga ƙafa, ya ji ƙarar babur daga can nesa, ya mayar da ita. Da safe tare suke tsallakawa, yana bin ta kafaɗa da kafaɗa yana surutu, da yamma ma haka. Ba ta taɓa lura cewa ya daina tsallaka titin nan shi kaɗai ba.

Ta matso ta tsaya a gefensa. Ya gane takunta.

"Me kike kallo? Zo ki kama ni."

Ya miƙo hannu. Tafinsa duk jan fenti ne, bai gama bushewa ba. Ta kama, ya damƙe ta da ƙarfi, fentin ya shafi hannun rigarta.

"Masu duba idon nan da mamarki take damuna da su," ya ce, yana kallon gabansa, "aunawa suke yi, ko da baki kawai suke faɗa?"

"Aunawa suke yi, Baba. Da na'ura."

"To." Ya yi ajiyar zuciya. "Gobe ki raka ni. Ki gaya musu su rubuta duka abin da suka gani. Kada su yanke mini komai."

Ta duba dama, ta duba hagu, ta ce masa yanzu, suka sauka kan kwalta tare.